Hannun da Zai Riƙe Igiyar Mudi

Tun da Malam Hamman ya sauke kayansa a Rafin Marke, Safara'u ta daina samun mijinta yadda ta saba samunsa.

Rafin Marke ƙauyen masunta ne a gefen tafkin Tiga, ta ɓangaren Bebeji. Gidan Mudi, mijin Safara'u, shi ne na ƙarshe kafin ruwa. Idan mutum ya tsaya bayan madafi, wurin da karan danga ya ɗan buɗe, yana hango gaɓa da jiragen da aka kife a kan yashi. Daga Kiru aka kawo ta gidan, kuma har zuwa sanyin 1988 ba ta da abin da za ta ce Mudi ya yi mata. In ya dawo daga su, yakan zauna a bakin murhu yana gyara mata kifi, yana ba ta labarin wanda jirginsa ya kife da wanda aka sace wa raga.

Shi kuwa Malam Hamman Bafulatani ne na wajen Doguwa, dogo, marar yawan magana. Masu kula da madatsa ne suka taɓa tura shi wata ƙasa mai tsananin sanyi ya koyo nutso, yanzu kuma suka ce ya nemi saurayi mai ƙwazo ya koya masa, domin akwai ƙarafa da ƙofofi a ƙarƙashin ruwa da suke so a riƙa dubawa. A teburin mai shayi ya ba da labari cewa a can, idan sanyi ya kankama, tafki guda yakan daskare ya zama ƙanƙara har mota ta bi ta kai. Da zarto ake yanka rami, a zura mutum da igiya a ƙugu. In ya shiga, sama ta rufe ke nan, ba shi da mafita sai wannan ramin, ramin kuma da ka ɗan yi nisa ya ɓace maka. Dattawa suka saurara, suka ce Allah mai iko. Da ya tashi suka ce ɗan Fulani ya je ƙasar Turawa ya koyo ƙarya.

Mudi bai ɗauke ta ƙarya ba. Duk ƙauyen ba wanda ya kai shi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, saboda haka shi aka zaɓa. Sai dai Malam Hamman ya ce ba ya koyar da mutum ɗaya. Mai nutso ba ya shiga sai da mai riƙe masa igiya, kuma mai nutson da kansa zai zaɓi wanda zai ba wa. Mudi ko tunani bai tsaya yi ba, ya ce Wada.

Wada abokinsa ne tun suna yawo ba wando, shi ne ma ya yi masa babban aboki a bikinsu. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, bakinsa ba ya rufuwa. Har lokacin amarya yake ce wa Safara'u, yakan kuma leƙo ta zaure ya tambaya ko yau ma miyar ta sha gishiri irin na jiya. Da can takan rama, ta ce wanda bai ajiye mace ba ai ba shi da bakin kushe miya. Ba ta taɓa jin haushinsa ba sai da igiya ta shigo tsakani.

Da farko ma ba a taɓa ruwa ba. Malam Hamman ya ɗaure wa Mudi idanu da ƙyalle, ya ɗaura masa igiya a ƙugu, ya sa shi yawo tsakanin jirage a kan yashi, Wada na can nesa yana juya shi da igiya kawai, ba magana. Akwai jan da ke nufin lafiya, akwai na ƙaro igiya, akwai na dawo. Akwai kuma na ƙarshe, wanda ba a wasa da shi: mai nutso ya riƙa fizgar igiya da iya ƙarfinsa ba tsayawa, ma'ana na shiga uku, a ciro ni. Yara suka taru suna dariya suna cewa an mai da Mudi raƙumi. Safara'u ma ta yi dariya daga bayan danga, a ranar farko.

Da aka koma ruwa, Malam Hamman ya nuna shi ba ko'ina yake shiga ba. Ya yi kwanaki a jirgi da doguwar gora yana caka ƙasa. Ya hana kusa da bakin madatsa, ya ce ruwan can yana ja ta ƙasa ko da samansa a kwance yake. Ya hana saman tsohon kufai, inda katangu da bishiyoyin da ruwa ya cinye suke tsaye har yanzu. Ya hana duk inda masunta suka saba zuba raga. A ƙarshe ya tsayar da wani wuri mai farin yashi, ruwan iya wuya, nan Mudi ya fara saka rigar roba da gilashin fuska, ya goya tulun iska. Nan aka koya masa kada ya riƙe numfashi in yana tasowa, ya riƙa haɗiyar yawu in kunne ya toshe, ya ɗaura wuƙa a ƙwauri, kuma da jiki ya fara rawa don sanyi ya fito, ba jarumta. Gwajin ƙarshe, in ji Malam Hamman, za a yi shi a wani lungu kusa da ƙauye da kainuwa ta rufe ruf. Ƙasar nan ba ƙanƙara, amma kainuwa mai kauri ta isa ta hana mutum fitowa ta saman kansa. Za a yanka rami da lauje, ta nan zai shiga, ta nan zai fito.

Duk wannan Safara'u daga bakin wasu take ji, ko ta hango ta kafar danga. Abin da ta fi gani shi ne hannun Wada. Yakan zauna a bakin jirgi, igiya tsakanin yatsunsa, kansa a karkace kamar mai sauraron rediyo. Can sai ta ga wuyan hannunsa ya yi tsalle, ya yi murmushi shi kaɗai, ya mayar da ja. Mutum yana ƙarƙashin ruwa, ba a ganinsa, ba a jinsa, amma Wada yana hira da shi.

Kuma hirar ba ta ƙarewa a ruwa. In ta kai musu tuwo zaure, sai ta ji shiru, sai kuma dariya ta fashe. Ta leƙa wata rana ta ga bakin tabarma suke ja wa juna. Gyaran kifi a bakin murhu kuwa ya ƙare. Mudi yakan shigo a gajiye, idanu jajur, ya kwanta.

Wata la'asar ta tsare shi yana shafa man kaɗanya a kafaɗarsa inda ɗamarar tulu ta goge, ta tambaye shi yadda ƙarƙashin ruwan yake. Ya ce abin ba ya faɗuwa, sai dai ta tambayi Wada. Ta ce Wadan da ko gilashin bai taɓa sawa ba?

"A hannunsa yake ji," in ji Mudi. "Kin san ranar da na tsorata a wajen dutsen nan, kafin ni kaina in gane tsoro nake ji, ya riga ya fara janyo ni."

"Ashe kana jin tsoro."

"Kowa ma yana ji."

"Ni ban taɓa sani ba."

Ya yi dariya ya ce to ai yanzu ta sani. Ita ba ta yi dariya ba. Ta rufe gwangwanin man, ta tashi ta hau wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Ita ce take shimfiɗa masa, ita take sanin ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba, amma tsoronsa a hannun wani ƙato yake zuwa. Daga ranar, ko sallamar Wada ta ji sai ta haɗe rai.

Da ta je Kiru ganin gida, ba ta yi niyyar faɗin komai ba, ko kuma haka ta gaya wa kanta. Amma da Inna Hajara, mahaifiyarta, ta tambayi lafiyar maigidan, sai ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau, sai dai aikin da ya shiga. Ta bayyana mata rami da igiya, ta nuna mata cewa ran mutum kacokan yana hannun mai riƙewa. Sannan ta ƙara da cewa wanda aka ba wa ɗin ba dangin iya ba na baba, ga surutu, ga wasa, ko rannan ma yana riƙe da igiya yana cin rake. Wannan gaskiya ne, ya ci raken. Abin da ba ta faɗa ba shi ne a kan yashi ne, ba a ruwa ba.

Inna Hajara ta dafe ƙirji. Ga Ubale, babban wan Safara'u, ya gama girbi yana zaune, mutum mai natsuwa da ƙarfin hannu, me zai sa a nemi bare?

Ranar da Mudi ya zo ɗaukar matarsa, ya cire takalmi tun daga ƙofar gida, ya durƙusa can nesa da tabarmar Inna, idonsa a ƙasa. Ta yi masa addu'a, ta yaba masa, sannan ta ce ta ji labarin aikin, hankalinta kuma ba zai kwanta ba sai in yayansu Ubale ne zai riƙe masa igiyar. Safara'u tana daga cikin ɗaki tana jin su.

"To, Inna," ya ce. "Allah ya ƙara girma."

Kwana ya bi kwana, ga Ubale na shirin zuwa, Mudi ya kasa gaya wa Wada. Ya fita da niyya, ya dawo bai faɗa ba. Sai ita ta ɗauki nauyin. Da Wada ya yi sallama da hantsi, Mudi ba ya nan, ta tsaya daga bayan ƙofar zaure ta ce masa an yi shawara a gida, Yaya Ubale zai karɓi igiya.

Wada ya yi dariya ya ce amarya ta fara wasa da sassafe. Da ya ji ba ta rama ba, sai dariyar ta tsaya. Ya tambaya ko Mudi ya san da maganar. Ta ce a gabansa aka yi, ya kuma amsa. Igiyar tana kafaɗarsa, domin shi yake kwana da ita, ya shanya, ya duba ko ta tsinke. Ya sauke ta, ya naɗe da kyau, ya ajiye a kan dakali, ya ce a gaya wa Yaya kada ya bar ta a rana. Washegari aka ce ya tafi Kafin Maiyaƙi wurin kawunsa mai sayar da hatsi.

Ubale ya zo da jakarsa, aka gyara masa zaure. Malam Hamman ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi Mudi ina Wada, kuma yaya suke da wannan. Mudi ya ce Wada tafiya ta kama shi, wannan kuwa Yaya ne. Malam Hamman ya ɗauka wansa ne na jini. Ya sake gwajin yashi daga farko, Ubale kuma ya kama da wuri, ba surutu, ba waige-waige. Abu ɗaya malamin ya yi ta ƙorafi a kai, wai jan Mudi ya yi laushi. Ya ce masa ya riƙa ja kamar mai jan guga a rijiya. Mudi ya ce to.

Gida ya yi tsit. Mudi ba ya cin abinci a gaban yayan matarsa, saboda haka ciki yake shigowa ya ci, abin da Safara'u ta daɗe tana so. Ta riƙa zuba masa man shanu, tana zama kusa. Yana ci, yana godiya, amma in ya ji tarin Ubale daga zaure sai ya rage murya. In zai fita, sai ya tsaya ya gyara hula, ya rusuna ya wuce ta gefe. Ta ga duk wannan, ta ce a ranta ladabi ne, kuma ya fi mata wancan ihun da ake yi da.

Ranar gwaji gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi. Mata suka fito gaɓa lulluɓe da mayafai, Safara'u tana tare da Asibi, tsohuwar maƙwabciyarsu da take kira Gwaggo. Lungun ba shi da nisa, jifan dutse ne daga inda suke. An haɗa jirage biyu da katako, an yanka rami a tsakiyar kainuwa, ruwan cikinsa baƙi ƙirin. Malam Hamman ma ya saka kayansa ya zauna a shirye, da tasa igiyar a hannun mai jirgi, domin ya ce ba a zura mutum sai da wani a sama da zai iya bin sa.

Mudi ya yi bisimilla ya sulale. Igiya ta riƙa bi ta hannun Ubale a hankali, tana tafiya, tana tafiya. Ba kumfa, ba alama, kainuwa ta shanye komai. Can igiyar ta tsaya.

Malam Hamman ya ce a tambaye shi. Ubale ya ja, ya saurara, ya ce ya amsa, lafiya. Aka jira. Aka sake tambaya, Ubale ya ce ya sake amsawa, yana dai ɗan taɓawa a hankali. Malamin ya dubi agogonsa, ya ce wataƙila ya tsaya duba wani abu.

Safara'u ba agogo take kallo ba, hannun yayanta take kallo. Ta yi makonni tana harar hannun Wada, har ta haddace shi ba da sonta ba. A hannun Wada igiya ba ta taɓa yin shiru haka ba, Mudi ba ya minti bai ce wani abu ba. Yanzu ga ta a miƙe wuri ɗaya, ba ta gaba ba ta baya, sai ɗan karkarwa. Sai ta tuna shekaranjiya, da ƙayar kifi ta soke Mudi a tafin ƙafa a ƙofar zaure, Ubale yana yi masa bayanin farashin taki. Yana tsaye a kan ƙayar har aka gama bayanin, yana cewa haka ne Yaya, sai da ya shigo ciki ta ga jini. Mutumin da ya yi wannan, shi ne zai fizgi hannun Yaya kamar mai jan jaki? Shi ne zai yarda Yaya ya jawo shi kamar buhu, a gaban mata, a gaban matarsa?

Ba ta san lokacin da ta shiga ruwa ba. Sanyin ya kama ta har gwiwa, zaninta ya jiƙe, Gwaggo Asibi tana kiranta. Ita da ko a gida ba a jin muryarta daga zaure, ta buɗe baki a gaban mazan ƙauye.

"Malam Hamman! Mai igiyar nan yayana ne."

Malamin ya juyo, bai gane ba.

"Yayana ne ni, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba zai fizge shi ba. Ko yana mutuwa ba zai fizge shi ba."

Malam Hamman ya dubi Ubale, ya dubi igiyar. Ya faɗi wata kalma da Fillanci, ya cusa bututun iska a baki, ya kama igiyar Mudi ya bi ta.

Abin da ya biyo baya Safara'u ba ta iya tuna tsawonsa. Ta dai san ƙafafunta sun daina jin sanyi. Sannan ramin ya motsa, kan malamin ya fito, ya turo Mudi gaba, maza suka kama suka ɗora shi a katako. Wata tsohuwar raga ce da iska ta koro ƙarƙashin kainuwa ta naɗe kan tulun, ta bayan wuyansa, inda wuƙarsa ba ta kaiwa. Ya yi ta fama shi kaɗai har iskar ta kusa ƙarewa. Leɓɓansa sun yi fari fat, haƙora na haɗuwa. Aka kawo shi gaɓa aka lulluɓe da barguna, aka hura wuta. Da ya buɗe ido ya ga Ubale tsaye a kansa, sai ya yunƙura zai gyara zama.

Malam Hamman bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna ya tambaye shi me ya hana shi ja. Mudi ya dubi ƙasa. Ubale ya ce ai ya ja, a hankali dai. Malamin ya girgiza kai, ya ce a ƙasar da ya yi karatu an koya masa ya tambaya ko mai igiya yana shaye-shaye, ko yana gyangyaɗi, ko hannunsa na rawa. Ba wanda ya ce ya tambaya ko suruki ne. Amma shi da ya tashi a ruga, inda mutum yake barin hanya ya shiga ƙaya don kada ya haɗu da dangin matarsa, bai kamata a ce sai mace ta shiga ruwa ta tuna masa ba.

"Wanda kake jin kunyarsa ba ya riƙe maka igiya," ya ce. "Wanda za ka iya zagi, shi ake ba wa."

Ya ce zai sake ba shi dama kafin sanyi ya wuce, amma sai da Wada. In babu Wada, zai nemi wani saurayin a wani ƙauye.

Ubale ya haɗa jakarsa a ranar. Da zai tafi ya kira ƙanwarsa gefe, ya ce saura kaɗan ta sa shi ya kashe mutum yana ganin taimako yake yi. Bai jira amsa ba.

Mudi ya kwanta. Ba zazzaɓi, ba ciwo, kwanciya kawai, fuska ga bango. Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin sauƙi. Ta dama kunu ya ce ta ajiye. Ta tambaye shi abin da ya faru a ƙasan, ya ce ya wuce. Da ta yi ƙarfin hali ta ce ko zai je Kafin Maiyaƙi, sai ya ce da wane ido zai dubi Wada, mutumin da ya bari mace ta sallama a bakin zaure.

Ranar kasuwar Kafin Maiyaƙi ta nemi izini, ya ce ta je duk inda take so. Gwaggo Asibi ta raka ta. Suka sami Wada a layin 'yan hatsi, zaune a kan buhu yana ɗinke bakin wani da basilla. Ya gaida Gwaggo har ƙasa, ya kawo musu benci. Labari ya riga su zuwa, direbobi sun kawo.

Ta yi zaton zai yi mata gori, ta ma shirya haƙuri. Bai yi ba. Tambayoyi ya hau yi, ko kallonta ba ya yi. A wace ƙafa ya ɗaura wuƙar? Ta ce ba ta lura ba. Ya ci abinci kafin ya shiga? Ta ce ta ba shi ɗumame. Wada ya yi tsaki, ya ce ba a ba shi abu mai nauyi, yana taso masa. Kunnen hagun fa, ya yi jini? Ta ce wane kunne? Ya ce kunnen da yake toshe masa tun suna yara, wanda in ya toshe sai ya rikice ya rasa sama da ƙasa.

Tana kwana ɗaki ɗaya da kunnen nan, ba ta taɓa sani ba. Ta dubi gajeren mutumin nan da zaren buhu a baki, ta ji ba ta taɓa ƙin wani mahaluki kamar yadda take ƙinsa a wannan lokacin ba. Kuma duk duniya ba wanda take so ya hau mota ya bi ta sai shi.

"Malam ya ce sai da kai," ta ce.

"Malam ya ce." Ya ciji zaren ya tofar. "Ke fa, amarya, me kika ce?"

Gwaggo Asibi ta ce kai Wada ka ji tsoron Allah, yarinya ta taso tun daga bakin ruwa. Ya ce Gwaggo ai tambaya ce kawai, wanda ya kore shi shi yake so ya ji daga bakinsa.

Safara'u ta dubi ƙwayar masara da ta zube a ƙasa.

"Ka zo ka riƙe masa."

"Miyar fa? An rage gishirin?"

"Ba a rage ba. In ka ga dama ka ci."

Ya yi 'yar dariya, ya ce su yi gaba, in kasuwa ta tashi zai biyo su. A mota ta juya fuska ga taga tana hawaye. Gwaggo Asibi ta riƙa shafa mata baya tana cewa ai shi ke nan, an dace, ta gode wa Allah. Ba ta gaya wa tsohuwar cewa ba na farin ciki ba ne.

Rana ta yi sanyi tana zaune a bakin gado da kwanon kunu, tana lallashin Mudi ya sha ko kaɗan, sai aka yi sallama a zaure, da muryar da duk unguwa ta sani. Aka kuma ƙara da tambaya, wai ina ragon da raga ta kama kamar tarwaɗa.

Mudi ya tashi zaune. Ya sauko, ya fita ba takalmi ba hula, gefen rigarsa ya goge ta bai ma sani ba. Ta ji ya ce wa Wada ɗan banza, ta ji Wada ya rama, sannan ta ji dariyar da ta yi kwanaki tana nema da man shanu da lallashi ba ta samu ba. Jim kaɗan ya ɗaga murya ya ce a kawo kunun nan, da ludayi biyu.

Ta kai, ta miƙa daga bakin ƙofa, ta juya kamar za ta koma madafi. Sai ta ji Mudi ya rage murya ya fara ba da labari. Yana faɗin yadda saiwoyin kainuwa suke reto a kansa, yadda hasken ramin ya koma ɗan ƙarami can gefe, yadda ya ji iskar tana yin nauyi a baki har ya fara kalmar shahada, ya kuma yi tunanin wa zai gaya wa tsohuwarsa. Wada bai katse shi ba, ko sau ɗaya.

Safara'u ta jingina da bangon zaure ta ciki, inda ba sa ganinta. Ruwan tuwo yana can yana tafasa, kaji sun shiga madafi, tana jin su suna ture murfi. Ba ta motsa ba. Ta ƙara matso da kunnenta jikin bango, don Mudi ya sake yin ƙasa da murya.